Matar Yagwa da Ba Ta Gaida Kowa Ba

Ranar Laraba na shigo ɗakin labarai bayan Azahar na tarar da ku biyar kun yi cincirindo a kan kwamfuta ɗaya, aikinku na zube a tebur. Fim kuke kallo, na wani ɗan jarida Bature da ya yi shekaru yana ƙirƙirar labarai daga kansa yana kai wa manyansa suna bugawa, har ranar da asirinsa ya tonu. An ce abin ya faru da gaske. Na tsaya a bayanku har aka gama. Sai na ji ɗayarku, ba zan faɗi sunanta ba, ta san kanta, tana cewa, "Kai, waɗannan manyan nasa sakarkaru ne. Mu da waya a hannu, ai minti biyu mun kama shi." Kuka kwashe da dariya. Ban tanka ba don ana jirana in shiga shiri. Yanzu zan tanka, kuma a rubuce, tun da na sha wuya kafin in iya rubutun.

Ni ban taɓa zama a aji ba sai ina da shekara talatin da huɗu, da 'ya'ya huɗu. Man gyaɗa da ƙuli-ƙuli nake sayarwa a babbar kasuwar Garwa, a rumfar da uwata ta bari. Bayan La'asar sai in rufe kwano in tafi ajin manya, in zauna a bencin da aka yi wa yara, gwiwoyina suna dukan tebur. Boko na fara, sannan Faransanci, wanda har yau idan na yi shi kuna sunkuyar da kai kuna murmushi. Ina ganinku. Ku ci gaba.

A rumfar nan Malam Garba ya same ni. Shi ne mai sashen Hausa a wannan gidan rediyon a lokacin, dogo, mai tabon sallah a goshi, ba ya dariya sai sau biyu a shekara. Ya zo da rikoda yana tambayar dalilin da gyaɗa ta yi wuya, sai na ga ya tsugunna gaban dillalai. Na ce, "Malam, in ƙarya kake nema ka samu wurinta. In gaskiya ce, masu ɓarza suna bayan mahauta." Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ke mai ƙuli, tashi ki kai ni." Na kai shi. Shekara uku ina ɗaukar masa jaka kafin ya bar ni in riƙe mikro.

Jakar nan ku da kuke sa rikoda a aljihun wando ba za ku gane ta ba. Rikoda mai kaset ce, nauyinta kamar ɗan dutsen niƙa. Pil, wato batir, shida take ci, kuma dole ki riƙe wasu shida a ƙullin zani, don ta fi son mutuwa daidai lokacin da mutum ya fara faɗin abin da kika zo ji. A zafin bazarar Garwa, in kika bar kaset a rana tsawon sallar Azahar kawai, murya ta narke, limamin gari ya koma kamar ɗan akuya. Da bik, biron rubutu, muke juya kaset baya don kada pil ya ƙare. Mikro kuwa safar jariri muke sa masa saboda iska. Sai kaye, littafin rubutu irin na 'yan makaranta, kuma shi ne babba a cikin kayan. Duk wanda ya yi magana, a ciki za ki rubuta sunansa, sunan ubansa, unguwarsu, da wanda ya nuna miki shi.

Aikin farko da na fita ni kaɗai, Ngong aka tura ni. Wata babbar mota ta kife da shanu a kan hanyar Ngaundere. Na je, na ga jini, na ga taro, na dawo da gudu na ce shanu talatin sun mutu. Malam Garba bai ɗago daga abin da yake rubutawa ba.

"Wa ya faɗa miki talatin?"

"Kowa haka yake faɗa, Malam."

"Kowa ɗan wane ne? A wace unguwa yake?"

Na duba kaye, babu suna ko ɗaya a ciki.

"Koma ki samo min mai uba."

Na koma Ngong a ranar, a bayan wata motar masara. Na nemo mai shanun yana zaune a gindin darbejiya ya riƙe kai, na nemo sarkin fawa da ya yanka waɗanda suka karye. Shanu tara ne. Tun daga ranar ban sake kawo wa kowa maganar da ba ta da uba ba. Ko sanarwar rasuwa aka kawo min, sai na tambayi wanda ya yi wanka. An sha zagina a kan wannan. Amma akwai ranar da wani ya kawo sanarwar mutuwar wansa, ashe rigimar gona suke yi, wan yana kasuwar Pitowa yana cin tsire.

Akwai kuma wata al'ada da Malam ya kafa, wadda ku yanzu kuke yi ba ku san daga ina ta fito ba. Ba a kashe rikoda sai mutum ya gama gaisuwa. Mutumin ƙauye ba ya neman komai a wurinki don ya yi miki magana, amma da kin ce "mun gode", zai riƙe hannunki ya ce, "Tsaya. Ina gaida ƙanwata da ke aure a Ngong, ina gaida Baffa Hamadu mai shayi a tasha, ina gaida ɗana soja in yana ji." Mata sun fi yawan suna. Na yi hira da wadda aka fitar da gawar mijinta da safe, kuma da yamma ta gaida mutum shida. Shirinmu na ranar Juma'a, minti biyar na ƙarshe gaisuwar nan ce zalla, kuma rabin masu saurarenmu don ita suke kunna rediyo.

Malam Garba ya yi ritaya ya bar min shirin. Awa ɗaya cur, duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Na riƙe shi shekara takwas lafiya. Mutanen garin nan sun kai matsayin da in ana gardama a rumfa sai wani ya ce, "Ai Mairo ta faɗa," shi ke nan an rufe zance. Wannan ita ce dukiyata a aikin nan. Ba ni da takardar jami'a, ba ni da mota. Ina da wannan.

Sai aka kawo mana Sali. Daga jami'a ya fito, Faransanci a bakinsa kamar ruwa, Fulatanci na gado, Hausa kuma ba ka cewa ba ɗan Kano ba ne. Ku cire wa ranku cewa maƙaryaci yana zuwa da alama a goshi. Shi ne farkon zuwa aiki, shi ne mai tambayar lafiyar yarana da sunansu ɗaya bayan ɗaya. "Adda, kawo jakar in riƙe miki." Haka yake kirana, wato yaya da Fulatanci. Rahotanninsa na farko tsab suke, na bincika da kaina. Ya yi na masu wankin yashi a bakin Binuwai, ya yi na matan da ke soya kifi a gada. Na ce wa direkta, wannan yaron a riƙe shi da kyau.

Bayan wata shida ya fara tafiya nesa. Maiganga, Yagwa. Ya tafi kwana biyu ya dawo da labarin da zai sa mahauci ya ajiye wuƙa ya share ido. Wayar ɗakin shiri ba ta hutawa. Direkta ya riƙa yawo da shi ofis-ofis yana nuna shi. Ni kuma nake buɗe masa hanya da muryata: "Jama'a ku matso kusa da rediyo, wannan ba tatsuniya ba ce, ɗanmu Sali ya je ya gani da idonsa." Sau bakwai na faɗi haka.

Na bakwai ɗin shi ne na Dada Asta. Wata bazawara ce, in ji shi, a wani ƙauye gaba da Yagwa, a bakin kogin Logon. Mijinta masunci ne, ruwa ya ci shi. Ta dogara da 'yar fadamar shinkafa, sai dorina ta fito ta tattake ta kaf, ga marayu bakwai. Muka sa muryarta tana kuka da Fulatanci, ana jin motsin ruwa a bayanta, Sali yana fassarawa a hankali. Kafin Litinin zauren gidan nan ya cika. Buhunan masara, gero, sabulu, atamfofi. Wata tsohuwa mai sayar da daddawa ta kawo tukunyarta ta biyu. Alhaji Isiyaku, mai manyan motoci a tashar arewa, ya aiko cewa ya ba da mota da direba da mai, a kai kayan har ƙofar matar.

Ranar Laraba ina haɗa shirin mako, ina tattara gaisuwa don mintunan ƙarshe. Na leƙa na ce, "Sali, turo min gaisuwar Dada Asta. Mutane za su so su ji."

"Ba ta gaida kowa ba, Adda."

"Ba ta me?"

"Kuka take yi. Ban ga ya dace in matsa mata ba."

"Wa ya ce ana matsa musu? Su suke matsa mana."

Ya yi dariya ya ce Adda ke dai. Ni ban yi dariya ba. Mace mai 'ya'ya bakwai, an kai mata mikro har gida karo na farko a rayuwarta, ba ta da uwa, ba ta da ƙanwa a wani gari, ba ta da ko maƙwabciyar da ta ara mata gishiri? Na sa mai kula da na'ura ya buɗe min duk abin da Sali ya taɓa kawowa, ɗanye, kafin a yanke. Na zauna na saurara tun hantsi har La'asar. Masu yashi sun yi gaisuwa. Masu kifi sun yi, har ɗaya ta gaida kishiyar uwarta. Bakwai ɗin nan na nesa, babu wanda ya gaida kowa. Makiyayin Maiganga bai gaida kowa ba. Malamin makarantar da rufin ajinsa ya faɗi bai gaida kowa ba. Abin da ya sa a fili yake. Kuka ana iya ƙirƙirarsa. Gaisuwa kuwa sai an kira sunan mai rai da garinsu, kuma mai ran nan ko ɗan'uwansa zai iya tasowa ya ce bai san ta ba. Sai na lura da abu na biyu: duk inda ya je, wuri ne da muryar rediyonmu ba ta kaiwa.

To ke mai waya, a nan nake son ki tsaya. Da me za ki kama shi? Ki rubuta Dada Asta a wayarki ki gani. Ba za ta fito ba. Ki rubuta sunan mai soya kifi ta gada, wadda na sani da ranta da lafiyarta, ita ma ba za ta fito ba. Mutanen da muke aiki a kansu, na gaskiya da na ƙarya, duk waya ba ta san su ba.

Na shiga wurin direkta na faɗa masa. Ya kishingiɗa a kujera ya ce, "Hajiya, don ba a yi gaisuwa ba? Ki yi haƙuri, amma wani zai ce ƙyashi ne. Yaro ya zo da ilmi ya yi fice."

Na ce, "Wani ya faɗa. Ni ce zan bi motar Alhaji."

Da Sali ya ji, sai ya ce wai hanya ta zama mummuna, shi zai kai kayan, Adda ki huta. Na ce ban gaji ba, mu je tare. Ranar tafiya ya aiko cewa zazzaɓi ya kwantar da shi.

Mun tashi bayan Asuba, muka bi ta Kayle, muka shiga Yagwa rana ta karkata. Ƙauyen da ya ambata akwai shi, wannan kam bai ƙaga ba. Na sauka gidan jauro, mai garin ke nan, dattijo mai ido ɗaya, na faɗi abin da ya kawo ni. Ya tara manoman shinkafa a ƙofar gidansa. Asta uku ne a garin, aka kira min su duka. Ɗaya yarinya ce, biyu mazansu na tsaye a wurin. Na tambayi maganar dorina, wani ya ce rabonsu da dorina a gona tun yana saurayi. Na buɗe kaye na rubuta sunan kowa da na ubansa, na ɗauki muryarsu.

Jauro ya dubi motar ya ce, "Hajiya, tun da Allah ya kawo abincin nan har nan, mu ma ba mu rasa mabuƙata ba."

Gaskiya ya faɗa, na gan su da idona. Na ce, "Allah ya ja kwananka, ba nawa ba ne. Da sunan wata aka ba ni, kuma babu ita. Sai na mayar wa masu shi sun ce." Direba ya yi ta ƙunƙuni har Garwa, wai an sa shi ya kai masara yawon buɗe ido.

Da na dawo na tsare Sali, bai yi gardama mai tsawo ba. Muryar ta wata mata ce mai wankau a unguwarsu, ya ce mata wasan kwaikwayo ne na rediyo. Kogin Logon kuwa bahon wankinta ne, yana kaɗa hannu a ciki. Kwana biyun da yake cewa yana hanya, a ɗakinsa yake yi.

"Adda, amma ai akwai irinta. Wallahi akwai mata dubu irinta."

"Akwai. Me ya hana ka je ka samo ɗaya?"

"In na je ba sa faɗin abin yadda zai taɓa mutane."

"To ba aikinka ba ne ka faɗa musu yadda za su ji ciwonsu. Ajiye rikodar mutane ka fita."

Rigimar gaske da direkta aka yi ta. Shi so yake a sallami yaron shiru, a raba kayan ga wasu mabuƙata, a ce saƙo ya isa. Wai don sunan gidan. Na ce, "Da bakina na ce wa mutane ba tatsuniya ba ce. Da bakin nan zan ce musu tatsuniya ce. In ka hana ni mikro, na san hanyar kasuwa, kuma muryata tana kaiwa daga 'yan gyaɗa har mahauta ba tare da na'urarka ba." Ya san zan yi. Ranar Juma'a na buɗe shiri na faɗa, bakwai ɗin duka, ɗaya bayan ɗaya. Ban ce an yaudare ni ba, don ba wannan ne ya dami mai daddawa ba. Na ce na sa muku abin da ban bincika ba, kowa ya zo ya ɗauki kayansa.

Suka zo. Wasu ba su ko dube ni ba. Wannan ita ce muguwar shekarata a aikin nan. In na miƙa mikro a kasuwa sai a ture shi da bayan hannu. Matan da muka yi shekaru muna zama rumfa ɗaya suna hango ni za su ce, "Ga ta nan, yau kuma wace dabba ce ta fito?" Masu kawo sanarwa suka koma wani gidan. Direkta ya yanke shirina daga awa ɗaya zuwa minti goma sha biyar, ya cike sauran da kiɗa. Ban roƙe shi ba. Minti goma sha biyar ɗin na riƙa cika su da abin da na taka da ƙafata, kuma duk wanda ya yi magana sai na faɗi unguwarsu a iska, don mai shakka ya je ya ƙwanƙwasa.

Da damina ta yi tsakiya sai Binuwai ya cika ya shanye wani ƙauye a gabas da gari. Wannan na je da kaina, ruwa har ƙugu, rikoda a ɗaure a ka cikin leda. Rumbuna sun zube, mutane sun tare a ajin makaranta, mata na dafa ganye. Na sa a shiri. Na ce a taimaka. Asabar ta wuce, Lahadi ta wuce. Abin da ya shigo zauren nan kwano biyu ne na gero. Ku rubuta wannan a kayenku: ƙaryar da aka yi a ɗaki da bahon wanki, waɗannan mutanen ne suka biya ta da cikinsu.

Ranar Litinin na tafi tashar arewa. Alhaji Isiyaku na zaune a kan buzu, ana auna masa mai. Ya gan ni bai ce in zauna ba.

"Hajiya Mairo. Mota kike so kuma?"

"A'a, Alhaji. Kai nake so."

"Ni?"

"Kada ka yarda da ni. Ban zo roƙon haka ba. Tashi mu je ka gani. In ƙarya ce, ka dawo ka faɗa a mikro ɗina, ni zan riƙe maka shi."

Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce a fito da ƙaramar mota. Inda hanya ta ƙare ya tuɓe takalmi, ya naɗe babbar riga a wuya, ya shiga ruwan. Mutum ne mai jiki, sau biyu na tare shi kada ya faɗi. Ya shiga ajin, ya buɗe tukunya ya ga abin da ke ciki, ya rufe. Muka dawo gari.

Ranar Juma'a shi ya yi rabin shirin. Bai iya magana a rediyo ba, yana ta hura mikro, amma ya ce, "Ni Isiyaku na je, na jiƙe har nan." Kafin Magariba zaure ya fara cika. Mai daddawa ta dawo da tukunyar nan tata, ta ajiye, ta ce min, "Saura ki sake." Motoci biyu aka loda, kuma matan kasuwa uku suka hau suka bi kayan don su gani da idonsu. Na ce su hau gaba, ni na zauna a kan buhu.

Da ana ɗaure igiya Alhaji ya matso kusa da ni ya ce, "Wannan na yarda. Na gaba kuma sai na gani."

Na ce, "Daidai ne, Alhaji."

An mayar min da awata bayan Babbar Sallah. Amma "Mairo ta faɗa" ba ta dawo yadda take ba, kuma ba na jiranta. Kowane labari yanzu shi yake saya wa na bayansa yardar mutane, ɗaya bayan ɗaya, kuma haka za ku same shi ku ma, ko kun so ko kun ƙi.

Gobe akwai rigimar makiyaya da masu auduga a bayan Ngong. An ce an ƙone bukkoki, ban san ko nawa ba, kuma wanda ya faɗa min bai je ba. Motar farko tana tashi ƙarfe shida. Wadda za ta bi ni ta zo da takalmin roba da ruwan shanta, don daga bakin titi tafiyar ƙasa ce, kuma ba na tsayawa jiran kowa.